Kafin Ka Jefa a Juji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ciyar da mu, Ya shayar da mu, Ya suturta mu, ba da wayonmu ko dabararmu ba. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

  Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya sanya mu cikin bayin da Yake ƴantawa a wannan wata.

Ina roƙon kowane mai saurare ya yi mini abu guda gobe idan Allah Ya kai mu. In an sallame sallar asuba, gari ya fara wayewa, kada ka yi gaggawar komawa shimfiɗa. Tsaya a ƙofar masallacinku ka dubi ƙasa. Za ka ga ledar ruwan da aka sha jiya, da ledar ƙanƙara, da ta kunu, da butalin lemu, da ƙwallon dabino, da takardar da aka ƙunso ƙosai. Ka taka zuwa jujin unguwa, za ka tarar da shinkafar da ba ta lalace ba, da tuwon da ko tsami bai yi ba, awaki da ƙudaje suna rabo. Waɗanda suka zubar da wannan duka masu azumi ne, mu ne. Mun wuni da yunwa da ƙishirwa don mu san darajar loma da kurɓi, rana na faɗuwa muka mance darasin. A kan wannan za mu yi magana a daren yau: abin da muke zubarwa a gidajenmu da makarantunmu, da yadda za mu sake cin moriyarsa, da abin da addini ya ce a kai.

Wani zai ce, Malam, ana cikin watan Alƙur'ani, ga tafsiri ga hukunce-hukuncen azumi, sai ka ɗauko mana zancen shara? To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka saurara. Duk abin da ya bar hannunka zuwa juji, ɗayan biyu ne. Ko dai ni'ima ce wadda amfaninta bai ƙare ba, ka yanke mata hanya, ko kuwa cuta ce ka ɗauke daga gidanka ka aza wa waninka. Na farko haƙƙin Allah ne, na biyu haƙƙin bayinSa ne, kuma dukansu za a yi tambaya a kansu. Ayar ƙarshe ta Suratut Takasur ta tabbatar mana za a tambaye mu game da ni'imar da muka mora. A Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, a nan take kuma Ya hana ƙetare iyaka, Ya sanar da mu ba Ya son masu yin haka. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Ya hana almubazzaranci, har Ya danganta masu yin sa da shaiɗanu. A Suratul Furƙan, aya ta 67, da Ya zo siffanta bayinSa na ƙwarai, sai Ya ambaci tsakaitawarsu wajen kashe dukiya, ba ɓarna ba ƙwauro. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwa uku da Allah Ya ƙi mana. Dukiya kuwa ba kuɗin aljihu kaɗai ba ne. Tsummanka dukiya ne, gwangwanin da ka juye dukiya ne, ragowar abincinka dukiya ce, muddin akwai mai iya amfana da su, mutum ne ko dabba ko gona.

Mu leƙa gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mu ga yadda ake yi da tsohon abu. Uwar muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da yake yi a cikin gida, ta ba da labarin cewa yakan ɗinke tufafinsa, yakan gyara takalminsa da hannunsa. Anas ɗan Malik ya ba da labarin ƙoƙon shansa da ya tsage, ba a yar da shi ba, aka ɗaure tsagar aka ci gaba da sha. Wata rana Nana A'isha ta rataya labule mai hotuna, Manzon Allah ya nuna ƙinsa, sai ta yanka shi ta yi matasan kai da shi. Ku duba da kyau: labulen ya ƙi dacewa da aikin da aka nufe shi da shi, sai aka nema masa wani aiki.

Ga kuma hadisin da Ibn Abbas ya ruwaito, wanda ke cikin Bukhari da Muslim. An ba wata ƴantacciyar baiwar Nana Maimuna sadakar akuya, ta mutu ba a yanka ba, aka jefar. Manzon Allah ya wuce ya gan ta, ya tambayi abin da ya hana su cire fatar su jeme su amfana. Suka ce ai mushe ce. Ya bayyana musu cewa cin naman ne aka haramta. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya kawo wannan hukunci a mazhabarmu ta Malikiyya: ana amfani da fatar mushe in an jeme ta, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita. To, jama'a, in har mushe, wadda kowa ke toshe hanci in ya zo kusa da ita, an nemi a duba ko da sauran amfani a jikinta, ina ga jarkar da ba abin da ya same ta illa man da ke ciki ya ƙare?

Sayyadina Abubakar Siddiƙu, a ciwon ajalinsa, ya yi wasiyya a wanke tufar da yake jinya a cikinta, a ƙara biyu, a yi masa likkafani. Ƴarsa A'isha ta ce masa ai ta tsufa. Ya nuna mata cewa rayayye ya fi mamaci buƙatar sabo. Halifan musulmi ke nan, ba rashi ya sa shi ba, sanin darajar abu ne.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Duk wanda ya haura shekara hamsin a cikinku ya san gidan da ya tashi kusan ba abin da ake kira shara. In an surfa hatsi, dusa ta tumaki ce, ƙasari na shanu ne. In tuwo ya kwana, ɗumame ne da safe, in ya yi yawa a shanya shi a ajiye don ranar babu. Ƙanzon tukunya ma jiƙa shi ake yi a ci. Matan Maraɗi in sun matse man gyaɗa, tunkuzar ce ke zama ƙuli-ƙuli. Karan hatsi ya zama darni da rufin ɗaki, harawa ta zama abincin bisashe a rani, toka ta wanke tukunya ta kuma shiga haɗin sabulu. Ƙwarya in ta fashe ana jiran gyartai ya zo ya ɗinke. Zane in ya tsufa ya zama majanyi, majanyi ya zama gammo, gammo ya zama tsumman goge-goge. Abin da ya rage bayan wannan duka, da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, a labta wa jaki a kai gona. Manoman Adar, wajen Illela da Badagishiri, da irin wannan taki suke cika ramukan tassa, suka mayar da faƙo wurin da ake girbe hatsi. Har gobe, wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai zai ga yadda ake narka tsohon alminiyam a zuba tukwane da ludaya, a mayar da tsohuwar ganga akwati ko murhu. A kasuwanninmu na ƙauye kuwa, daga tsohuwar taya ake yanko takalmi, daga tsohon tif ake ɗinka guga. Kakanninmu ba su halarci taron ƙara wa juna sani a kan muhalli ba. Sun dai san cewa da tsohuwar zuma ake magani.

To, me ya sauya? Abu biyu. Na farko zukatanmu: mun fara jin kunyar faci. Yaro ya fi son ya fita da sabon abu maras ƙwari a kan tsoho mai aminci, uwar gida tana jin nauyin a ga ta kai kwano wurin mai sayar da koko. Na biyu, kayan da ke shigowa gidajenmu sun sauya. Sharar da ɗin duk daga ƙasa ta fito, in ta koma ƙasa sai ta ruɓe ta zama abincinta. Ganyen da ake ƙunsa goro ko daddawa, damina guda ta ishe shi ya narke. Leda kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana shekaru masu yawa tana nan, rana ta gasa ta, ta kakkarye ƙanana-ƙanana, amma ba ta zama taki. Mu kuma muka ci gaba da yar da ita kamar yadda kakanninmu ke yar da ganye.

Ku bi ledar nan guda ɗaya da kuka saki a ƙofar masallaci, ku ga inda take zuwa. Iska ta ɗauke ta. In ta faɗa kwata, ta haɗu da ƴan'uwanta da yashi su toshe hanyar ruwa. Ran da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwan da ya rasa hanya sai ya nemi gidan mutane, kuma gidan ƙasa na talaka shi ke fara faɗuwa. Ba mu mance ambaliyar 2020 da ta 2024 ba, da gidajen da suka rushe da rayukan da aka rasa. Ruwan sama ikon Allah ne, amma toshe magudana aikin hannunmu ne, kuma Suratur Rum, aya ta 41, ta gaya mana cewa ɓarnar da ke bayyana a bayan ƙasa daga abin da hannayen mutane suka aikata take. In kuwa ledar ta tafi gona cikin takin juji, sai ta kwanta cikin ƙasa ta hana ruwa ratsawa, ta tare saiwar shuka. In ta tsaya a titi da ɗan gishirin abinci a jikinta, tunkiya ta haɗiye. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin dabbobin da ke kiwo cikin gari: dunƙulen leda ne da igiya, ya murɗe ya yi tauri. Dabbar tana jin cikinta cike, ba ta iya cin kirki, tana ramewa har ta kwanta.

A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Tunkiya guda gare ta, ita ce jarinta, da ita take sa ran sayen hatsi in damina ta yi tsakiya. Tunkiyar ta dinga ramewa, aka ba ta jiƙe-jiƙe ba ta tashi ba, dole aka yanka kafin ta mutu. Da aka farke ciki, leda ce maƙil. Ina tsaye a wurin. Abin da ya zo mini a rai shi ne: a cikin ledojin nan, wa ya san ko akwai wadda ni na yar? Babu alƙalin duniya da zai saurari wannan ƙara, don babu wanda za a kama. Amma akwai ranar da ba a ɓatan lissafi. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, malamai suka mayar da shi ɗaya daga manyan ginshiƙan fiƙihu. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Haka tsohon gwangwani da fasasshen tulu da tayar da aka jingine bayan ɗaki. Ruwa kaɗan ya taru a ciki, sauro ya samu wurin haihuwa, zazzaɓin da ke kwantar da ƴaƴanmu kowace damina ya samu ƙofa. Masu tara leda su cinna mata wuta da magariba kuwa, su sani hayaƙin nan guba ne ga ƙirji, musamman ga jarirai da tsofaffi da masu ciwon asma, kuma ba ya tsayawa a iyakar katangarsu. Iyayenmu mata masu hura gawayi da leda, ku bari don Allah, ku ne na farkon shaƙa.

Hukumar ƙasarmu ta san da wannan. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana ƙera irin wannan leda maras kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita a duk faɗin Nijar. Ku dubi itatuwan bakin gari da suka yi furen baƙar leda, ku gaya mini ko dokar ta isa ita kaɗai. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, kuma ta tsaya a kan hanin har aka ga bambanci a titunanta. Akwai aikin da ke kan hukuma: tabbatar da doka, da tanadin wurin zuba shara, da kwashe ta a kan lokaci, da yashe magudanu kafin damina. Muna tunatar da magadan gari da masu unguwanni cewa wannan amana ce a wuyansu. Amma ɗan sanda ba zai shiga madafar kowa ba. Abin da zai shiga can tsoron Allah ne.

Yanzu ga abin yi a gida, kuma babu wanda ya fi ƙarfin talaka.

Na farko, a rage tun daga tushe. Uwar gida, auna abin da za ki dafa da bakunan da za su ci. Mai gida, kada yunwar la'asar ta yi maka cefane, don idon mai azumi ya fi cikinsa girma. In za a aiki yaro sayen koko ko waina, a ba shi kwano mai murfi. Zuba abinci mai zafi a cikin leda ba alheri ba ne ga lafiya. In za ki kasuwa, ɗauki kwando ko jakar buhu, kin hutar da gari leda goma a fita guda.

Na biyu, ragowar abinci. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya yi umarni in lomar ɗayanmu ta faɗi, ya ɗauka ya share abin da ya taɓa ta ya ci, kada ya bar wa shaiɗan, kuma a suɗe akushi, domin ba mu san a wane ɓangaren abinci albarka take ba. In loma guda ke da wannan matsayi, yaya kwano guda? Abin da ya rage yana da masu haƙƙi bi da bi. In mai kyau ne, maƙwabci da almajiri da baƙon tasha, kuma a ba su tun yana da ɗumi, kada a jira ya yi yami sannan a kira shi sadaka. In ya wuce cin mutum, kaji da tumaki. In ya wuce cin dabba, rami.

Na uku, ramin taki. A haƙa rami a kusurwar gida ko bayan gida, zurfinsa kamar rabin tsayin mutum. A riƙa zuba ɓawon albasa da na lemu, da ganyen da aka share, da ƙaiƙayi, da kashin awaki da na kaji, da ɗan toka, ana rufawa da ƙasa kaɗan saboda ƙuda. A riƙa yayyafa masa ruwa don kada ya bushe, a juya shi duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi, warin ya tafi. Ku da kuke sayen takin zamani kun san kuɗin buhu. Wanda ba shi da gona ya sayar wa masu lambu, ko ya ba ɗan'uwansa manomi. Sharaɗi guda ne: kada leda ko kwalba ko batir su shiga ramin.

Na huɗu, a ware buhu biyu. Ɗaya na ƙarfe da gwangwani da roba mai tauri da butali, waɗanda masu saye ke yawo suna nema. Ko dala nawa aka ba ki, sun fi babu, kuma yaron da ya tara ya ga amfanin tattali. Ɗaya buhun na leda ne. Mai kauri a wanke a sake aiki da ita. Akwai mata da ke yanka ta suna saƙa jaka da igiya da tabarma, a kai musu. Wadda ba ta da sauran amfani a ɗaure bakin buhun, a ba mai amalanken shara, ya kai inda hukuma ta tanada, kada a juye a kwata cikin dare.

Na biyar, ruwa. Anas ya ruwaito cewa Manzon Allah yana alwala da mudu guda na ruwa. Mu kuwa muna sakin famfo yana zuba har mu gama. Ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi da kayan miya bai kamata ya kwanta a titi ya zama caɓi ba. A dasa zogale ko bedi ko lemu a inda ake alwala, a gida da masallaci, itacen ya sha, mu sha inuwa.

Sai makarantu, kuma a nan nake kira ga malaman allo da na islamiyya da na lakwal baki ɗaya. Malaman allo, ku kuka fi kowa gadon wannan hikima. Allo guda yaro zai yi shekaru yana rubutu yana wankewa, har ya bar wa ƙanensa. Alƙalami daga kara, tawada daga gawayi da ƙaro. Da kayan da ba su kai komai ba aka fitar da mahaddata a ƙasar nan. Me zai hana wannan tunani ya bi yaro zuwa aji?

In shekarar karatu ta ƙare, kusan kowane kaye yana da sauran shafuffukan da ba a taɓa ba. A ciro su, a haɗa, a ɗinke da zare da allura, an samu kayen gwaji na sabuwar shekara. Littafin da wa ya gama da shi a naɗe bangonsa a miƙa wa ƙane, ko a tara a makaranta don ƴaƴan marasa hali. Murafun butali su zama abin koyon ƙidaya ga ƙananan aji, kwali ya zama allon haruffa, tsohuwar jarka a huda ta a rataye ta zama wurin wanke hannu a bakin makewayi. Kowane aji ya samu kwali biyu, na takarda da na leda, makaranta kuma ta samu ramin takinta.

Ga wani aiki da nake so kowace makaranta ta gwada. Ledar ruwan da ake sha a watan nan, yara su tattara ta, a yanke bakinta, a huda gindinta, a cika da ƙasa da taki, a saka irin bedi ko zogale ko ƙwallon mangwaro, kowane yaro da tasa yana ba ta ruwa. Cikin ƴan watanni sun isa dashe. Ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai wadda ƙasarmu ta mayar ranar dashen itatuwa, makaranta ba ta buƙatar jiran kowa ya kawo mata. In an zo dashe a cire ledar a mayar cikin buhu, kada a binne ta. Hadisi ingantacce ya yi bushara cewa musulmin da ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce a gare shi.

Kuma ina roƙon malamai abu biyu. Ku daina mayar da shara horon mai laifi. Yaron da bai taɓa riƙe tsintsiya ba sai ran da ya makara, zai girma yana ganin tsabtace wuri wulaƙanci ne. Kuma kada a bar wa ƴan mata kaɗai, maza na wasan ƙwallo. A yi juyi, kowa da ranarsa, malam ma ya sunkuya ya ɗauki takarda yara na gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku ba su labarin matar nan da ke sharar masallacin Manzon Allah, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an ƙanƙantar da al'amarinta. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Wanda ya san wannan ba zai raina mai shara ko mai tsintar gwangwani ba.

Sai dai kowane abu yana da iyaka, kuma wajibi ne in faɗe ta. Jarka ko butalin da aka zuba maganin ƙwari ko maganin ciyawa, kada a sa ruwan sha ko mai ko nono a ciki, komai wankin da aka yi masa. A huda shi don kada wani ya tsinta ya yi aiki da shi. Allurar da aka yi wa wani, da reza, da maganin da wa'adinsa ya wuce, ba a sake amfani da su, ba a kuma jefa su inda yara ke wasa. Tsohon batir akwai guba a cikinsa, kada yaro ya fasa, kada a jefa a wuta ko kusa da rijiya. Wanda ke tsintar butali ya zuba lemu ko soɓo ya sayar, wajibinsa ne ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, don lafiyar mai sha amana ce. Wanda kuma ya zuba jabu a cikin mazubin kaya na gari ya sayar a matsayin na asali, ya yi algus, kuma Manzon Allah ya barranta daga mai algus. Masu sayen tsohon ƙarfe, ku ji tsoron Allah: in yaro ya kawo muku murfin kwata, ko wayar lantarki, ko tukunyar da kowa ya ga ba a gama da ita ba, kun san ba tsintuwa ba ce, sayenta taimako ne a kan sata. Iyaye kuma kada kwaɗayin ƴan kuɗi ya sa a cire yaro daga karatu a tura shi juji ba takalmi.

Sai takarda mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah. Sau nawa muka sayi ƙosai ko tsire muka tarar an ƙunso shi a cikin shafin littafin addini? Irin wannan takarda ba ta shiga kwandon shara, ba a ƙunshi da ita. A tara ta daban, a ƙone ta a wuri mai tsabta da niyyar kare ta, kamar yadda Sayyadina Usman ya yi da sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa Mus'hafi, ko a binne ta inda ba a takawa. Kowane masallaci da makaranta ya kamata a samu akwatin da aka keɓe don wannan.

Ƴan'uwa masu ba da sadakar ruwa da kunu a masallatai, Allah Ya saka muku da alheri, Ya shayar da ku daga tafkin Alkausara. Ku cika ladanku: wanda ya kawo ruwan leda ya zo da buhun da za a mayar da ledar. Inda hali ya yi, a koma ga randa da kofuna da ake wankewa. Kwamitin masallaci ya sa rabin ganga a ƙofa, liman ya tunatar bayan sallama. Muslim ya ruwaito cewa imani rassa ne saba'in da wani abu, mafi ƙanƙantarsu kawar da abin cutarwa daga hanya. An kuma ba mu labarin mutumin da ya janye reshen ƙaya daga hanyar mutane, Allah Ya gode masa Ya gafarta masa. In kawar da cuta daga hanya reshen imani ne, to mai zuba ta a hanya ya tambayi kansa inda ya tsaya. Mu da muke neman gafara a wannan wata da tsayuwar dare, kada mu wuce ta a ƙofar masallaci tana kwance a ƙasa.

Saboda haka, daga daren yau, kafin hannunka ya saki wani abu, yi wa kanka tambaya uku. Shin yana da sauran amfani a gare ni? In babu, akwai wanda zai amfane shi, mutum ko dabba ko gona? In babu, ina zan sa shi da ba zai cuci kowa ba? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma tattali ba rowa ba ne, godiya ce da ake yi da hannu.

Allah Ya sa mu cikin masu godiyar ni'imominSa. Ya Allah, Ka yafe mana abin da muka ɓarnatar da saninmu da wanda ba mu sani ba, Ka yafe mana haƙƙin maƙwabta da na dabbobin da muka cutar ba da nufi ba. Ka sanya albarka a cikin kaɗan ɗinmu, Ka ba mu damina mai albarka, Ka kare garuruwanmu daga ambaliya da annoba, Ka shirya mana zuriyarmu, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Sai gobe war haka idan Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.